Tara Tsofaffin Taswirorin Gundumomin Ingila

Tara tsofaffin taswirorin gundumomi wata sha'awa ce kuma harkar kasuwanci, wadda ta ƙunshi nema, saye, adanawa da kuma nazarin taswirorin gundumomin Ingila da Wales waɗanda aka buga daga farantan ƙarfe da aka sassaƙa da hannu, tun daga shekarun 1570 har zuwa tsakiyar ƙarni na 19. Harkar ta fi ƙarfi a Birtaniya, amma akwai masu saye da yawa a Amurka, Kanada da Ostareliya, musamman cikin mutanen da kakanninsu suka fito daga waɗannan gundumomi. Mafi yawan taswirorin da ke kasuwa a yau ba a buga su a matsayin takarda ɗaya tilo ba. Shafuka ne da aka ciro daga manyan kundaye. Wannan ne ya sa harkar take fuskantar muhawara a kan yayyaga littattafai, satar da ake yi wa ɗakunan karatu, kayan jabu, da kuma dokokin fitar da kayan tarihi zuwa ƙasashen waje.

## Ma'anar gunduma a Ingila

Turanci yana da kalmomi biyu na wannan yanki na mulki. Ta farko ita ce *shire*, wadda ta samo asali daga tsohon Turanci tun kafin shekarar 1066, kuma ita ce ake gani a ƙarshen sunaye irin su Yorkshire da Lancashire. Ta biyu ita ce *county*, wadda ta shigo daga Faransancin Normawa bayan sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. Kalmomin biyu sun ci gaba da zama tare, ɗaya a cikin sunayen wurare, ɗaya kuma a harshen hukuma. Bisa al'ada ana ƙirga tsofaffin gundumomi 39 a Ingila da 13 a Wales, jimilla 52. A kan waɗannan iyakoki ne aka zana kusan dukkan taswirorin da ake tarawa.

## Tarihi

### Christopher Saxton

Christopher Saxton, wani ɗan safiyo daga Yorkshire, shi ne ya fara auna gundumomin Ingila da Wales gaba ɗaya. Ya yi aikin ne a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, da kuɗin wani babban jami'in fada mai suna Thomas Seckford, da kuma goyon bayan William Cecil, wato Lord Burghley, babban mashawarcin sarauniya. Taswirorinsa na farko suna ɗauke da shekarar 1574, kuma an haɗa kundin gaba ɗaya a shekarar 1579 da taswirori 35: guda 34 na gundumomi, ɗaya kuma ta ƙasar baki ɗaya. Adadin bai kai 52 ba saboda ya haɗa wasu gundumomi a shafi guda.

A lokacin Ingila ba ta da isassun ƙwararru a sana'ar sassaƙa faranti, don haka da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin baƙi ne daga yankin Holan da Beljiyam na yanzu, irin su Remigius Hogenberg. Cikin 'yan ƙasa, Augustine Ryther ne ya fi shahara. Taswirorin Saxton suna nuna koguna, tuddai, dazuzzuka, gadoji, garuruwa da gandayen farauta na masu sarauta, amma babu hanyoyi a cikinsu. Gwamnati ce ta fi buƙatar su. Kwafin da Burghley ya yi amfani da shi yana British Library, kuma a jikinsa akwai bayanan da ya rubuta da hannunsa, ciki har da sunayen manyan iyalai na yankuna daban-daban.

### John Speed da masu buga littattafai na Amsterdam

John Speed tela ne a Landan kafin ya koma nazarin tarihi. Kundinsa mai suna *The Theatre of the Empire of Great Britaine* ya fito tsakanin 1611 da 1612 da taswirori 67, waɗanda aka sassaƙa a shagon Jodocus Hondius da ke Amsterdam. Speed ya dogara da ma'aunin Saxton da na John Norden, sannan ya ƙara abubuwan da suka sa aikinsa ya fi kowanne farin jini har yau: ƙananan zanen manyan garuruwa a kusurwar shafi, tambarin gidajen sarauta, hotunan wuraren da aka gwabza yaƙi, da iyakokin ƙananan yankuna na cikin gunduma. Ga garuruwa da yawa, zanen da ke kusurwar taswirar Speed shi ne mafi tsufa da aka buga. An yi ta sake buga kundin, har da bugun Latin na 1616 da bugun 1676 na Thomas Bassett da Richard Chiswell.

Kafin wannan, bugun 1607 na littafin *Britannia* na William Camden ya zo da taswirorin da William Kip da William Hole suka sassaƙa. Daga baya manyan kamfanoni biyu masu gaba da juna a Amsterdam suka shiga harkar: Joan Blaeu ya fitar da kundin gundumomin Ingila da Wales a 1645, Jan Jansson kuma ya biyo baya a 1646. Dukkansu sun kwafi bayanan Speed ne, amma takardarsu, rubutunsu da launinsu sun fi nasa kyau.

### Daga 1675 zuwa ƙarshen zamanin sassaƙa

A shekarar 1675 John Ogilby ya buga taswirori 100 na manyan hanyoyi, bisa ma'aunin inci ɗaya a matsayin mil ɗaya. Daga nan hanyoyi suka fara yawaita a taswirorin gundumomi. A 1676 Robert Morden ya buga taswirorin gundumomi a jikin karta, da yake yawan gundumomin ya yi daidai da yawan kati 52, sannan ya zana taswirorin bugun *Britannia* na 1695. A tsakiyar ƙarni na 18 Emanuel Bowen da Thomas Kitchin suka fitar da *The Large English Atlas*, mai cike da bayanan tarihi da na kasuwanci a duk inda aka samu fili a shafi.

Duk da haka, kusan shekaru ɗari biyu masu buga taswira suna ta kwafar ma'aunin zamanin Elizabeth. Farantan Saxton kansu sun yi ta sauya hannu, ana gyara su ana sake bugawa har wajen shekarar 1770. Sauyi ya zo ne bayan 1759, lokacin da ƙungiyar Society of Arts ta sa kyautar fam 100 ga wanda ya sake auna wata gunduma da kyau. Benjamin Donn ne ya fara cin kyautar da taswirar Devon ta 1765. John Cary ya fitar da kundinsa a 1787 cikin salo marar ado da yawa, hukumar Ordnance Survey ta gwamnati kuma, wadda ake ƙirga kafuwarta daga 1791, ta fitar da taswirarta ta farko, ta Kent, a 1801. Kundin 'yan'uwa Greenwood na 1834 da taswirorin Thomas Moule na shekarun 1830 suna cikin na ƙarshe da masu tarawa ke nema. Bayan su, bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796, ya mamaye kasuwa saboda arha da sauri.

## Yadda ake sassaƙa taswira

Mai sassaƙa yana ɗaukar farantin jan ƙarfe da aka goge sumul, ya yanka layuka a kansa da wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki. Dole ne ya zana komai a juye, har da haruffa, domin su fito daidai a takarda. Bayan haka sai a shafa tawada ta shiga cikin yankan, a goge saman farantin, a ɗora takarda mai ɗan laima, a bi ta kai da injin matsi. Ƙarfin matsin yana barin shatin gefen farantin a jikin takardar, kuma wannan shati yana cikin abubuwan da ake fara dubawa.

Taswirar tana fitowa ne da baƙar tawada kawai. Launi da hannu ake sa shi daga baya, idan mai saye ya biya. Jan ƙarfe yana da laushi, don haka yana cinyewa idan aka yi ta bugawa. Bugun farko yakan fito da layuka masu duhu da kaifi, na baya kuma yakan dusashe. Idan mawallafi ya so gyara, sai a bubbuga farantin ta baya, a goge wurin, a sake sassaƙa sabon suna ko sabuwar hanya. Saboda haka faranti guda yana iya haifar da siga daban-daban, kuma bambance waɗannan sigogi shi ne babban ilimin masu tarawa. Daga shekarun 1820 aka fara amfani da farantin ƙarfe mai tauri, wanda ke jure bugu mai yawa. Shi ya sa taswirorin Moule suka fi yawa kuma suka fi arha.

## Kasuwa

Ana sayar da taswirorin ne a shagunan dillalai, a gidajen gwanjo irin su Sotheby's, Christie's da Bonhams, a ƙananan gwanjo na larduna, da kuma a intanet. Ƙungiyar masu tara taswira ta duniya, IMCoS, an kafa ta ne a 1980, kuma ana yin baje kolin taswirori na Landan a harabar Royal Geographical Society.

Abubuwan da ke ƙayyade farashi sun haɗa da sunan mai zanen, bugun da takardar ta fito daga ciki, lafiyar takardar, faɗin gefenta, da kuma ko launin na asali ne. Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da taswirorin gundumomi: yawancin masu saye suna neman gundumar da suke zaune ne ko wadda iyayensu suka fito. Don haka taswirori biyu daga kundi guda, masu shekaru ɗaya da inganci ɗaya, suna iya bambanta ƙwarai a farashi. Gundumomin da ke kewaye da Landan, inda masu hali suka fi yawa, da wurare irin su Cornwall, sukan fi ƙananan gundumomin Wales tsada. Taswirar Speed takan kai daga ɗaruruwan fam zuwa dubbai, ƙananan taswirorin ƙarni na 19 kuma ana samun su da kuɗi kaɗan. Wannan ya sa fannin ya zama ƙofar shiga ga sababbin masu tarawa, nesa da manyan cinikayya irin taswirar duniya ta Waldseemüller ta 1507, wadda ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya kammala sayenta a kan dala miliyan 10 a shekarar 2003.

## Muhawara a kan yayyaga kundaye

Babbar taƙaddamar da ta daɗe a harkar ita ce ta raba kundi zuwa shafuka. Lissafin a fili yake: mutanen da za su iya sayen cikakken kundin Speed ba su da yawa, amma waɗanda ke son shafin gundumarsu suna da yawa, don haka kuɗin shafukan idan aka sayar da su ɗaya bayan ɗaya yakan zarce kuɗin kundin a haɗe. Muddin haka lamarin yake, akwai riba a yayyagawa.

Masu kare wannan al'ada suna cewa yawancin kundayen da ake rabawa dama sun lalace, ko sun rasa wasu shafuka, ko bangonsu ya mutu. Suna kuma cewa tun asali mawallafa sun sayar da wasu taswirorin a warwatse, kuma rabawar ce ta ba talaka damar mallakar abin da da sai attajiri ko jami'a. Masu adawa, waɗanda akasarinsu ma'aikatan ɗakunan karatu ne da masana tarihin littafi, suna cewa kundi ya ƙunshi shaidar da shafi ɗaya ba zai iya riƙewa ba: tsarin jerin taswirorin, shafin farko mai ɗauke da shekara da sunan mawallafi, sunayen waɗanda suka mallake shi, da bayanan da suka rubuta a gefe. Da a ce an yayyaga kwafin Burghley, da ba a san yadda gwamnatin Elizabeth ta yi amfani da taswirorin Saxton ba. A kundin Speed ma, bayanin kowace gunduma a bayan taswirarta aka buga shi, don haka idan aka sa ta a firam, rabin abin da ke takardar ya ɓuya.

Doka ba ta hana mutum yayyaga littafin da ya mallaka ba. Abin da ke rage yawan yin hakan shi ne tsadar cikakkun kundaye masu lafiya, da kuma ƙyamar da manyan dillalai da yawa ke nunawa. Amma kowane kundi da aka raba yana rage yawan waɗanda suka saura, kuma ba a iya mayar da shi yadda yake. Lamarin bai tsaya ga Ingila ba, domin haka ake ciro taswirori daga littattafan matafiya. Misali, taswirar tsakiyar Afirka da aka samo daga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin ziyarar Hugh Clapperton a Sakkwato a 1824, an sassaƙa ta an buga a cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton a Landan a 1826, kuma darajarta ga mai bincike tana tare da bayanin da ke kewaye da ita a littafin.

## Sata daga ɗakunan karatu

Da zarar an ciro taswira daga kundi, da wuya a gane daga ina ta fito, tun da an buga irinta da yawa. Wannan ya sa ɓarayi suka mai da hankali a kan ɗakunan karatu, inda ake iya yanke shafi cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma a yi shekaru ba a lura ba.

A watan Disamba na 1995 aka kama Gilbert Bland a ɗakin karatu na Peabody da ke Baltimore a Amurka. Bincike ya nuna ya yanki taswirori daga jami'o'i da dama a Amurka da Kanada, kuma yana sayar da su ta wani shago da yake da shi a Florida. Miles Harvey ya ba da labarinsa a littafin *The Island of Lost Maps* na shekarar 2000. A Birtaniya, an yanke wa Peter Bellwood hukuncin ɗaurin shekara huɗu da rabi a 2004 saboda satar taswirori daga ɗakin karatu na ƙasa na Wales da ke Aberystwyth.

Shari'ar da ta fi girgiza harkar ita ce ta E. Forbes Smiley, wanda sanannen dillali ne da ɗakunan karatu suka amince da shi. An kama shi a ranar 8 ga watan Yuni, 2005, bayan wata ma'aikaciya ta tsinci reza a ƙasa a ɗakin karatu na Beinecke na Jami'ar Yale. Ya amsa cewa ya saci taswirori 97 da darajarsu ta kai kimanin dala miliyan 3 daga Yale, Harvard, ɗakunan karatu na jama'a na New York da Boston, Newberry na Chicago, da British Library. A watan Satumba na 2006 aka ɗaure shi wata 42. An sassauta masa ne saboda ya taimaka wajen gano inda taswirorin suke, amma British Library ta nemi a tsananta hukuncin, kuma wasu ɗakunan karatun sun ce taswirorin da suka ɓace musu sun fi waɗanda ya amsa yawa.

A shekarar 2017 aka gano wata satar ta cikin gida a ɗakin karatu na Carnegie da ke Pittsburgh, inda aka kwashe kayan da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 8 cikin shekaru fiye da ashirin, har da taswirorin wani kundin Blaeu. A 2020 kotu ta yanke wa jami'in da ke kula da sashen, Gregory Priore, da dillalin littattafai John Schulman ɗaurin talala a gida, hukuncin da ma'aikatan ɗakunan karatu da yawa suka ce ya yi sauƙi.

Waɗannan shari'o'i sun fito da matsaloli biyu. Ta farko, ɗakunan karatu da yawa ba su da cikakken jerin taswirorin da ke cikin kowane kundi, don haka ba su iya tabbatar wa kotu cewa takardar tasu ce ba. Ta biyu, wasu cibiyoyi sun saba ɓoye labarin sata saboda gudun abin kunya, abin da ke ba ɓarawo lokacin sayarwa. Tun daga nan aka ƙara kyamarori, ana ƙirga shafuka kafin a ba mai karatu littafi da bayan ya dawo da shi, ana ɗaukar hoton kowace taswira, ƙungiyar dillalan tsofaffin littattafai ta duniya, ILAB, kuma tana da rajistar kayan da suka ɓace. Ga mai saye, wannan na nufin tarihin mallakar takarda ya zama wani ɓangare na darajarta, kuma idan aka gano ta sata ce, yana iya rasa ta.

## Jabu, kwafi da sabon launi

An yi ta buga kwafin taswirorin Speed da Saxton a ƙarni na 20 domin ado, ba da nufin yaudara ba, amma bayan sun tsufa a cikin firam sai su riƙa shiga kasuwa a matsayin na asali. Masana suna duba abubuwa kamar haka:

- shatin faranti a gefe, wanda ake ji da yatsa;
- takardar tsumma ta hannu, wadda idan aka ɗaga ta ga haske ake ganin layukan ragar da aka yi ta a kai, wani lokaci da tambarin masana'anta; takarda marar waɗannan layuka ta fara bayyana ne a shekarun 1750;
- lanƙwasar tsakiya, inda aka liƙa shafin a cikin kundi;
- rubutun da ke baya, wanda ke nuna bugu da harshe;
- tawada, wadda a ƙarƙashin madubin ƙara girma take fitowa a matsayin layi, saɓanin ɗige-ɗigen injin zamani.

Batun launi ya fi rikitarwa. Taswirori da yawa sun fito ba launi, dillalai kuma suka sa a yi musu fenti daga baya saboda sun fi saurin sayuwa. Takardar ta asali ce amma launin sabo ne, kuma ana sa ran mai sayarwa ya bayyana hakan. Ɗaya daga cikin alamomin tsohon launi ita ce, koren da ake haɗawa da jan ƙarfe yakan ratsa takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa a baya. Manyan cibiyoyi ma ba su tsira ba: a watan Satumba na 2021 Jami'ar Yale ta sanar cewa taswirar Vinland, wadda aka daɗe ana jayayya a kanta, jabu ce, bayan an gano sinadarin titanium na zamani a tawadarta.

## Dokokin fitarwa da shigowa

A Birtaniya kayan tarihi da suka wuce shekara 50 kuma suka kai wani ƙima suna buƙatar lasisi kafin a fitar da su. Wani kwamiti yana auna su da sharuɗɗan Waverley na 1952, kuma minista na iya dakatar da fitarwa na ɗan lokaci domin ba wata cibiya ta gida damar saye. Haka aka yi a 2020 da wasu taswirori goma na hannu da ke nuna yaƙin jiragen ruwan Sifen na 1588. Gidan tarihin sojojin ruwa da ke Portsmouth ya tara fam 600,000 ya saye su a farkon 2021. Taswirar gunduma guda ɗaya ba kasafai take kai wannan matsayi ba, don haka dokar ta fi kare cikakkun kundaye da rubuce-rubucen hannu. A ɓangaren Tarayyar Turai kuma, dokar shigo da kayan al'adu mai lamba 2019/880 ta fara aiki gaba ɗaya a ranar 28 ga watan Yuni, 2025, kuma ta ƙara takardun da ake nema a kan tsofaffin kaya masu tsada da suka samo asali daga wajen Tarayyar, wanda ya haɗa da Birtaniya tun bayan ficewarta.

## Intanet da tasirinsa

Cikin shekaru ashirin da suka wuce an sanya hotunan taswirori masu yawa a intanet kyauta. Jami'ar Cambridge ta sanya bugun gwaji na taswirorin Speed a 2011. Tarin David Rumsey, mai taswirori fiye da 150,000, ya samu mazauni a Jami'ar Stanford a 2016. British Library ta saki hotuna kusan 18,000 daga tarin Sarki George na Uku a shafin Flickr a 2020, ɗakin karatu na ƙasa na Scotland kuma yana ba da damar ɗora tsohuwar taswira a kan ta zamani.

Wannan ya raunana hujjar da ke cewa sai an yayyaga kundi jama'a za su ga abin da ke ciki. Ya kuma ba mai saye damar gwada abin da ake tallata masa da kwafin da aka tabbatar. A ɗaya ɓangaren, kasuwannin intanet sun sauƙaƙa sayar da kwafi da kayan da ba a san asalinsu ba, hoto kuma ba ya nuna kaurin takarda ko shatin faranti. Harin da 'yan kutse suka kai wa British Library a watan Oktoba na 2023, wanda ya durƙusar da kundin bayananta da hotunanta tsawon watanni, ya nuna cewa kwafin kwamfuta ba ya maye gurbin adana takardar kanta.

## Sauyin iyakoki da darajar taswirorin

Da yawa daga cikin gundumomin da ke waɗannan taswirori ba su nan a tsarin mulki na yanzu. An rushe Middlesex a 1965 lokacin da aka kafa Babban Landan. A 1974, bisa dokar ƙananan hukumomi ta 1972, aka haɗe Cumberland da Westmorland cikin Cumbria, Huntingdonshire ta shiga Cambridgeshire, Rutland kuma ta shiga Leicestershire kafin ta sake samun majalisarta a 1997. A ranar 1 ga watan Afrilu, 2023, aka rushe majalisar Cumbria, aka kafa majalisu biyu masu suna Cumberland da kuma Westmorland and Furness, wato tsofaffin sunayen sun dawo amma a kan iyakokin da ba su yi daidai da na da ba. A watan Disamba na 2024 gwamnatin Birtaniya ta fitar da shirin sake fasalin ƙananan hukumomi a sauran sassan Ingila, wanda zai sake sauya iyakoki. Masu fafutukar kare tsofaffin gundumomi suna kafa hujja da irin waɗannan taswirori, kuma ga iyalai da yawa su ne shaidar sunan yankin da kakanninsu suka sani.

Taswirorin suna da amfani ga masu nazarin harshe ma. An zana su ne kafin rubutun Turanci ya daidaita, don haka sukan nuna yadda ake furta suna a lokacin. Speed ya rubuta *Barkshire* da *Darbieshire* inda a yau ake rubuta Berkshire da Derbyshire, kuma rubutun nasa ya fi kusa da yadda mutanen Ingila ke furta sunayen har yanzu. A Wales da Cornwall kuma ana ganin yadda masu aunawa da masu sassaƙa, waɗanda ba su jin harsunan yankin, suka juya sunayen zuwa tsarin Turanci. Sai dai masana sunayen wurare suna taka-tsantsan, domin wani sabon rubutun kuskuren mai sassaƙa ne a Amsterdam, wanda na baya suka yi ta kwafa. Ba a iya tantance hakan sai an san bugu da shekarar takardar, bayanin da sau da yawa yake ɓacewa idan aka raba shafi da kundinsa.

## Duba kuma

- Christopher Saxton
- John Speed
- Ordnance Survey
- Gundumomin Ingila
- British Library